Gaskiya Biyu, Ƙarya Ɗaya: Wa Ya Ba da Izinin Ƙaryar?

Duk wanda ya taɓa halartar tarurrukan horaswa irin waɗanda ƙungiyoyin raya karkara ke shiryawa a gundumomin Madawa, Buza da Keita, da wuya a ce bai gamu da wasan nan da ake buɗe taro da shi ba. Tsarinsa ba shi da wuya. Kowane mahalarci zai miƙe ya faɗi abubuwa uku game da kansa, biyu gaskiya, ɗaya ƙarya, sauran jama'a kuma su canki wadda ba gaskiya ba. Manufa, in ji masu kawo shi, ita ce a yi dariya, a saki jiki, a san juna kafin a shiga aikin da ya tara mutane. Wasan ya iso mana ne ta cikin littattafan jagorancin taro da ake fassarowa daga Ingilishi da Faransanci, kuma tun da yake da yawa daga cikinmu ɗaliban kimiyyar harshe a irin waɗannan tarurruka muke samun aikin tafinta ko na jagoran taro, mu ne bakin da wasan ke bi ya shiga Hausa. Wannan ne ya sa nake ganin maganarsa ta shafe mu.

Ra'ayina shi ne, fassara dokokin wasan zuwa Hausa ba ta mayar da shi wasan Hausa ba. A ƙasar Adar da Gobir Tudu akwai wuraren da aka yarda mutum ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma suna da yawa, amma izinin yin haka yana fitowa ne daga dangantakar masu magana ko daga nau'in zancen da ake yi. Umarnin baƙon da ke tsaye gaban allo bai isa ya ba da wannan izini ba.

Mu fara da sunan da Turawa suka ba irin waɗannan wasanni. Suna kiran su wasannin fasa ƙanƙara, wato sun ɗauki abin da ke tsakanin mutanen da ba su san juna ba kamar daskararren ruwa ne da ya tare hanya, sai an fasa shi a wuce. Bahaushe bai siffanta abin haka ba. Abin da ke tsakaninsa da wanda bai sani ba shi ne baƙunta, maganinta kuwa sabo, sabo kuma lokaci yake ci. Abu na biyu shi ne kunya, ita kuwa ba a fasa ta, domin wanda aka ce ba shi da ita an gama zaginsa. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, a aikinsa da aka buga a 1974, gaskiya da kunya duka suna cikin jerin. Wasan da muke magana a kai yana neman mahalarci ya ajiye su biyun a bakin ƙofa cikin minti goman farko na taro.

Abu na farko da wasan ke buƙata shi ne mutum ya yi bayanin kansa da bakinsa, kuma ba kowane bayani ba. Domin wasan ya yi armashi, dole gaskiyar da za ka faɗa ta zama mai ban mamaki har a ɗauke ta ƙarya. To wace gaskiya ce mai ban mamaki a rayuwar mutumin Tamaske ko Karofane? Ko dai abin alfahari ne, kamar yawan buhunan albasar da ya ɗaga bana ko ƙasashen da ya taka, ko kuma abin da aka binne ne, kamar wahalar da ya sha a wurin cin rani a Abijan ko Libiya wadda ko matarsa bai faɗa wa ba. Na farkon Hausawa sun ce yabon kai jahilci, ga kuma tsoron baki. Na biyun sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mai hankali sai ya kauce wa duka biyun, ya ce yana son fura, yana da keke, bai taɓa zuwa Yamai ba. Daga nan wasan ya mutu, jagoran taro kuma ya rubuta a rahotonsa cewa mahalarta ba su da kuzari.

Misalan da littattafan ke bayarwa ma sun isa su nuna matsalar: faɗi yawan ƴaƴanka, faɗi yadda kuka haɗu da mijinki, faɗi sunan ɗanka na fari. Mace a yankin nan, musamman wadda ta manyanta, ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam ko uban wane. Iyaye da yawa ba sa ambaton sunan ɗan fari, shi ya sa laƙabi ya yawaita. Ƙidaya ƴaƴa a bainar jama'a kuwa abu ne da mutane da dama ke ƙyama. Kuma kada mu manta su wane ne ke cika waɗannan tarurruka. Tun lokacin aikin shuka layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, wanda aka soma a 1975 a yankin Buza, da babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne ƙashin bayan ayyukan raya karkara a nan, saboda maza kan tafi cin rani da zarar an gama girbi. A Keita mafi yawan masu ɗaukar duwatsun nan mata ne. Ƴaƴansu da jikokinsu ne a yau ake cewa su tashi gaban maigari, wani lokaci gaban surukansu, su shara ƙarya ɗaya don a yi nishaɗi.

Na taɓa yin tafinta a wani taro irin wannan a wani ƙauye na gundumar Madawa, inda wata ƙungiya ta tara mata masu noman rani. Da layi ya zo kan wata dattijuwa, sai ta faɗi abubuwa uku, aka yi ta canka ba a dace ba. Da jagorar taron ta ce mata, «To inna, wacce ce ƙaryar?» sai ta ce, «Ɗiyata, duka gaskiya na.» An yi dariya, an wuce. Jagorar ta ɗauka dattijuwar ba ta fahimci dokar ba. A ganina ta fahimce ta sarai. Ta ƙi ce kawai, kuma ta ƙi ta hanyar da ba ta kunyata kowa ba.

Masu nazarin ma'ana cikin muhallin magana sun san wannan gardama tun da daɗewa. Paul Grice, a aikinsa da aka buga a 1975, ya ce masu hira suna tafiya ne bisa wasu ƙa'idoji na haɗin kai, ciki har da faɗin abin da ka yarda gaskiya ne da ba da bayani gwargwadon buƙata. Shekara guda bayan haka, a 1976, Elinor Ochs Keenan ta nuna daga binciken da ta yi a ƙauyukan Madagaska cewa mutanen can sukan riƙe bayani da gangan, sukan kauce wa ambaton sunayen mutane, kuma ba wanda ke ɗaukar haka a matsayin rashin haɗin kai. Abin da ake nufi da bayani gwargwadon buƙata ya danganta ga al'umma. Wasan «gaskiya biyu, ƙarya ɗaya» an gina shi ne a kan tunanin cewa bayanin kai abu ne mai arha da ake rabawa don a ƙulla zumunci. A wurinmu yana da tsada, kuma galibi wani ne ke bayar da shi a madadinka. Mai masauki ne ke cewa wannan ɗan gidan wane ne, daga gari kaza, jikan wance. Kafin nan kuma akwai gaisuwa, wadda ita ce ainihin hanyarmu ta kawar da baƙunta. Matar da ta yini tana ban ruwa a gonar albasa a kwarin Tarka, idan ka ce mata ina gajiya, za ta ce ba gajiya. Ba wanda zai kira wannan ƙarya. Irin zancen ne da Malinowski ya bayyana tun 1923, wanda aikinsa ƙulla mutane ne, ba isar da labari ba.

Sai abu mafi nauyi, wanda ban taɓa ganin littafin jagoranci ya lura da shi ba. Wasan ba ya tsaya ga sa mutum ya yi ƙarya; yana sa sauran jama'a su ƙaryata shi a fili. A Hausa, «ƙarya kake» ba bayani ba ne kawai, tsokanar faɗa ce, kuma ana koya wa yaro tun yana ƙarami cewa ba a ƙaryata babba. Ku dubi irin ɗawainiyar da harshen ya yi don kauce wa wannan jimla: anya kuwa, ni dai ba haka na ji ba, ko dai an manta, Allah ya gafarta malam da sauran magana. Akwai kuma «wai», wadda mai magana ke jingina zance da ita ga wani ya zare hannunsa, ba tare da ya ce kowa ya yi ƙarya ba. Duk wannan tanadi wasan ke rushewa idan ya ce wa matashi ɗan shekara 20 ya nuna limami da yatsa ya ce magana ta biyu ce ƙaryar. Abin da kan faru a zahiri shi ne matasa su yi shiru idan babba ya yi magana, ko su zaɓi amsar da suka san ba ita ba ce don kada su kama shi.

Kada a fahimce ni da cewa Hausawa mutane ne da ba sa wasa da gaskiya. Adabinmu na baka cike yake da ƙaryar da aka halatta. Mai gatana yana buɗewa da «ga ta nan, ga ta nanku», masu sauraro su amsa, kuma da wannan amsa an ƙulla yarjejeniya cewa abin da zai biyo baya ba za a kai shi gaban alƙali ba. A ƙarshe ma sai ya ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar ya kakkaɓe hannunsa. Ɗan kokawa idan ya shiga fili yana kirari, yakan faɗi abubuwa game da kansa da ba mai hankalin da zai gaskata, kuma a Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, don haka ba baƙon abu ba ne a jiharmu. Ƴan kama suna kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo da miya, malaman kansu suna dariya. Gregory Bateson, wanda ya lura da wasan birai a gidan namun daji kafin ya rubuta maƙalarsa ta 1955, ya ce wasa ba ya yiwuwa sai an sami wata alama da ke sanar da cewa wannan wasa ne, ta yadda ɗan cizon wasa ba zai ɗauki ma'anar cizo ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan nau'o'i namu yana da alamarsa, kowa kuma ya san ta tun yarinta.

Wanda ya fi kusa da abin da masu tarurruka ke nema shi ne wasan barkwanci, wato taubasantaka. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, tsakanin jika da kaka, tsakanin Bagobiri da Bazabarme, tsakanin Bafillace da Babarbare ko Ba'are, ana iya ƙaga wa juna ƙarya, a ƙaryata juna, a kira juna bawa, ba wanda zai ji haushi, wanda ya ji ma shi ne abin dariya. Hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014, Radcliffe-Brown kuma ya yi rubutu a kan irinta a Afirka tun 1940. Abin lura shi ne izinin yana rataye ne ga dangantaka. Bagobirin da zai ce wa Bazabarme duk abin da ya ga dama ba zai faɗi rabinsa ga surukinsa ba. A yanki kamar Madawa, inda Gobirawa da Adarawa da Fulani da Abzinawan Kel Geres ke cin kasuwa ɗaya, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sukan tambayi asalin juna, da sun gano akwai wasa tsakaninsu sai hira ta ɓarke. Ba su jira wani ya zo da littafi ba.

Akwai kuma fuskar addini, wadda ba zan zurfafa a cikinta ba don ba fagena ba ne. An ruwaito hadisai, a cikin Abu Dawud da wasunsa, da ke kwaɗaitar da barin ƙarya ko da cikin raha, da kuma gargaɗi ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Wani zai ce tun da kowa ya san akwai ƙarya ɗaya cikin ukun, ba a yaudari kowa ba. Hujja ce mai ƙarfi. Amma a matsayin mai nazarin harshe ina ganin bambanci tsakanin wannan da gatana. Mai gatana ba ya fatan ka yarda cewa kura ta yi magana. Mai wannan wasa kuwa nasararsa ita ce ka gaskata ƙaryarsa, ko da na minti ɗaya ne. Saboda haka idan wani mahalarci ya ji abin bai kwanta masa ba, ba taurin kai ba ne, yana da madogara, kuma bai kamata a tilasta masa ya kare kansa gaban jama'a ba.

Na san abin da wasu ƴan uwana ɗalibai za su ce, domin sun faɗa mini. Za su ce ai mu muna yin wasan nan a tsakaninmu a fada, kan shayi, muna jin daɗinsa. Haka ne, ni ma ina jin daɗinsa. Amma mu sa'o'in juna ne, akwai wasa tsakaninmu tun kafin a fara, don haka izinin yana nan. Za su kuma ce kunyar nan da nake karewa ita ce ke rufe bakin mata da matasa a taro, kuma wasan an yi shi ne don ya daidaita kowa. Wannan ita ce hujjar da ta fi damuna, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai daidaitawar ta awa ɗaya ce. Jagoran taro zai shiga mota ya koma Tawa ko Yamai da la'asar, ita kuwa amaryar da ta ƙaryata ƙanwar uwar mijinta gaban mutane, a gida ɗaya za su kwana. Wanda ke son jin muryar mata ya raba musu zama, ya ba su lokaci, ya nemo mace mai jin karin harshensu. Ƙari a kan haka, a taron ƙauye mahalarta sun san juna ciki da bai, har sun san wanda ya ci bashin wa. Mutum ɗaya ne baƙo a wurin, shi ne mai riƙe da alli.

Ba ina kira a yi watsi da wasan ba ne. Ƙashinsa mai kyau ne: abubuwa uku, ɗaya na jabu, a canka. Abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauke ƙaryar daga kan mutum a mayar da ita kan wani abu da kowa ya mallaka tare. Muna da samfuri a hannu, wato kacici-kacici, inda ake ɓoye sani a nema, wanda ya kasa kuma ya ba da gari. Ba a kunyata kowa, asarar da aka yi ita ce garin da dama ba naka ba ne. A taron manoma ana iya kawo maganganu uku game da irin albasa ko lokacin dashe, ɗaya ba daidai ba. Tsofaffi za su yi fice, gardama za ta kaure, kuma an riga an shiga aikin da ya kawo mutane. Idan akwai taubasai a wurin, a bar su su ja ragamar, su ne masu lasisi.

A azuzuwanmu kuwa, harshen kansa ya isa abin wasa. Ɗalibi daga Keita ya kawo kalmomi uku, biyu na Hausar yamma irin su kusu, mussa, tonka, habɗi ko gujiya, ɗaya kuma ya ƙirƙira da kansa, ƴan Damagaram da ƴan Yamai su canka. Domin ƙirƙirarriyar kalmar ta yaudari mutane, dole ta bi tsarin gaɓa da karin sautin Hausa, ke nan mai ƙirƙirar ya yi darasin tsarin sauti ba tare da ya sani ba. Ana iya yin haka da jimloli: a kawo uku da Adaranci, mai «shina» a maimakon «yana», mai «na» da «ta» a matsayin dirka a maimakon «ne» da «ce», mai «hwara» da «tahi» da «biyat», a saka kuskure a guda. Wanda ya karanta bayanin da Bernard Caron ya yi wa Hausar Adar a 1991 zai gwada karatunsa da kunnen wanda aka haifa a Garhanga, kuma ba kullum mai karatun zai ci ba. Ɗalibin da ya saba ɓoye karin harshensa don kada a yi masa dariya, a wannan wasa shi ne alƙali.

Maganar ta ƙara muhimmanci tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tarurruka da horaswa da Hausa za su ƙaru, kuma mu za a kira mu fassara kayan aikinsu. Idan muka tsaya ga musanya kalma da kalma, za mu samar da takardu masu Hausa tsantsa waɗanda ke umartar mutane su yi abin da Bahaushe ba ya yi da harshensa. Tafintan da ya ga haka yana da haƙƙin ya ja jagoran taro gefe kafin a fara ya ce masa wannan ba zai yi ba a nan, ga wanda zai yi. Haka nan ga masu fita binciken fili: kada ka buɗe hulɗarka da masu ba ka bayani da wasan da ke nuna musu iya ƙaryarka, sannan gobe ka kunna na'ura ka ce su yarda da kai cewa muryarsu ba za ta fita ba.

Duk da haka wasan a siffarsa ta asali yana da wani amfani gare mu, idan an yi shi tsakanin sa'o'i kuma da yardarsu a naɗi murya. Wuri ne da mai bincike ya san tabbas jimla ɗaya cikin uku ƙarya ce, kuma daga baya zai san wacce. Ina «wallahi» ke faɗawa, kan gaskiyar da ake tsoron ba za a yarda da ita ba, ko kan ƙaryar? Shin «dai» da «kam» da «fa» suna yawaita a ɗaya fiye da ɗaya? Mai magana da Adaranci yana karkata zuwa daidaitacciyar Hausa ko Faransanci idan ya zo kan ƙaryar? Masu canka kuma, da wace jimla suke ƙaryatawa idan mai maganar ya girme su da shekara biyu kacal? Waɗannan tambayoyi sun isa kundin digiri na biyu, kuma abin da suke buƙata bai wuce wayar hannu mai naɗar murya, takardar neman izini, da fada biyu ko uku a Buza lokacin hutu ba.